Fari, Ambaliya da Magangarun Ruwa na Kan Tsaunuka: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga ɗaliban labarin ƙasa a Katsina da Dutsin-Ma da Daura, da malaman makarantu masu shirya wa yara tafiyar buɗe ido, da manoman fadama da suka lura ƙoramu sun sauya hali. An tara su wuri guda, an fara da masu sauƙi.

Mece ce magangarar ruwa, kuma me ya sa aka fi samunta a ƙasa mai tsaunuka?

Wuri ne da kogi ko rafi ke isowa bakin dutse ya faɗo ƙasa a tsaye, maimakon ya sauka sannu a hankali. Abu biyu take bukata: tudu mai gaɓa, da ruwan da zai biyo ta kansa. Sau da yawa dutsen sama ya fi na ƙasa tauri, sai ruwa ya cinye mai laushin ya bar mai taurin a tsaye. Inda ruwan ke dira kuma yakan haƙa kududdufi mai zurfi.

A Arewacin Najeriya tsaunin Jos ne uwar mafi yawansu. Matsakaicin tsayinsa ya kai mita 1,280 daga doron teku, duwatsun Shere kuwa sun haura mita 1,800. Daga can kogin Kaduna da na Gongola suka samo asali. A gefen tsaunin, inda ƙananan koguna ke saukowa, akwai Assop kusa da Hawan Kibo, da Kurra, da Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, mai tsayin kimanin mita 150. Matsirga tana kusa da Kafanchan, ruwanta daga duwatsun Kagoro yake. Gurara, wadda masu bin hanyar Suleja zuwa Minna suka sani, tana jihar Neja, tsayinta kimanin mita 30.

Muna da irinta a Katsina ko Daura?

Babba mai zuba rani da damina irin Gurara, babu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, arewacinta yashi ne, kuma ruwan da birnin Katsina da Daura ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, wato wajen rabin na Jos. Sai an nausa kudu wajen Funtuwa yake kai dubu ko ya ɗara. Abin da muke da shi shi ne ruwan da ke sheƙowa daga falalen duwatsu bayan an tafka ruwa, a wurare masu duwatsu irin Dutsin-Ma da Batsari da Ƙanƙara. Yakan yi awoyi ko wuni guda, sai ya ɗauke.

Arewa da mu ma akwai. A Timia, cikin duwatsun Azbin na jihar Agadas a Nijar, akwai magangara da ke zuba cikin wani kududdufi a tsakiyar hamada, kuma ƙarfinta ya dogara ga abin da damina ta ba duwatsun a shekarar.

To in ba mu da ita, me ya shafe mu?

Magangara ita ce wurin da ake ganin lafiyar kan kogi da ido, ba sai da na'ura ba. Kogin da ke tafiya a shimfiɗe cikin yashi yana iya rasa rabin ruwansa ba wanda ya farga. Wanda ke faɗowa daga mita 30 kuwa, ko yaro ya san bambancin bana da bara.

Kuma ciwon da ke damun ta shi ke damun kogunanmu. Jihar Katsina mafarin koguna ce ita ma: kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso, Ƙaraduwa ke cika madatsar Zoɓe, kogin Gada ke cika ta Jibiya kafin ya tsallaka Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, Tagwai ke ba Ajiwa ruwan da birnin Katsina ke sha, ga kuma Sabke a ɓangaren Daura. Duk wanda ya gane dalilin da ke sa Matsirga ta yi ruri a Agusta ta koma siririya a Maris, ya gane dalilin da ke sa ƙoramar ƙauyensu ta ci gada da damina sannan a rasa ruwan ba dabbobi kafin bazara. Akwai kuma batun lantarki, wanda aka ware masa tambaya a ƙasa.

Daga ina ruwan ke fitowa da rani, alhali an yi wata biyar ba a ga ko yayyafi ba?

Wannan ce tambayar da sauran suka rataya a kanta, don haka a karanta ta da natsuwa. Ruwan sama in ya sauka a kan tudu yakan rabu uku. Wani ya gudu a kan ƙasa nan take ya faɗa rafi. Wani rana da iska da ganyaye su mayar da shi sama. Na ukun ya nutse, ya bi saiwoyi da ramukan gara da tsagar duwatsu ya taru a ƙarƙashi. Wannan na ukun ne ke tsattsafowa sannu a hankali ta marmaro da idon ruwa da gefen fadamu, shi ke riƙe da kogi daga kaka har bazara. Duk ruwan da ka gani yana zuba a Gurara a watan Fabrairu, ruwan daminar da ta wuce ne, wani ma na wadda ta gabace ta.

Tsauni mai itatuwa da ciyawa da ƙasa mai taushi kamar randa yake, ya karɓa ya ajiye, ya riƙa tsattsafowa. Wanda aka aske aka tattake kuwa ya zama kwanon rufi: ruwa na sauka yana zubewa, ana ɗaukewa ya bushe. Ruwan da aka yi a kansu yana iya zama daidai wa daida a ma'auni, amma magangarar da ke ƙarƙashin na farko za ta kai Afrilu tana zuba, ta biyun ba za ta wuce Disamba ba.

Duwatsun tsaunin Jos da na kudancin Katsina masu tauri ne, ba sa shan ruwa sai ta tsaga da ta ruɓaɓɓen saman da ya rufe su. Ma'ajiyar ba ta da zurfi, shi ya sa shekara ɗaya ko biyu na ƙarancin ruwa ke saurin nunawa.

Sauyin yanayi ya rage ruwan sama ne ko ya ƙara shi? Muna jin magana biyu.

Duka biyun an gani, a zamani daban-daban. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 na wadata ne a yankin Sahel. Daga ƙarshen 1960 ruwa ya ja baya, aka yi farin 1972 zuwa 1973, sannan na 1983 zuwa 1984 wanda dattawanmu ba su manta ba. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A watan Yunin 1985 kogin Kwara ya tsaya cak a Yamai. Masana sun danganta wancan fari da sauyin zafin tekuna, da kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya sanyaya arewacin Atilantika ya hana iskar damina hawowa arewa yadda ta saba.

Daga shekarun 1990 ruwan ya farfaɗo, amma ba da tsohon halinsa ya dawo ba. A matsakaicin shekarun 2011 zuwa 2020, duniya ta ƙara zafi da kimanin maki 1.1 a ma'aunin Salshiyas idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19, kuma 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa. Kowane maki ɗaya na ƙarin zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin laima kashi 7 cikin ɗari. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku. Abin da manomi ke faɗa ke nan da nasa harshen: a da marka ake yi, ruwa ya wuni yana sauka a hankali, yanzu sai a tafka na wata guda cikin dare ɗaya, sannan a yi sati biyu ko uku shuka na yaushi.

Ga magangara, wannan sabon hali ya fi raguwar jimilla illa. Dalili yana cikin amsar da ta gabata: ruwan da ya sauko da ƙarfi ba ya samun lokacin nutsewa.

Idan fari ya zo, me ke faruwa da magangarar daki-daki?

Faɗinta ke fara raguwa. Labulen ruwan da ya rufe dutse gaba ɗaya sai ya yayyage ya koma igiyoyi biyu ko uku a wuraren da suka fi zurfi. Daga nan feshin da ke jiƙa gefe ya ɗauke, gansakuka ta bushe, ƙarar da ake ji daga nesa ta ragu. In farin ya zarce, sai ta daina zuba da wuri fiye da yadda aka saba, ta kuma makara wajen dawowa, domin ruwan farko na sabuwar damina ƙasa ce ke shanye shi ta biya bashin bara. Shi ya sa shekara mai kyau guda ɗaya bayan fari ba ta mayar da kogi yadda yake.

Zafi kaɗai ma yana yin aikin fari ko da ruwan sama bai ragu ba, tunda yana ƙara yawan abin da rana ke tsotsewa daga ƙasa da kududdufai. Sannan mutane na ƙara ɗiba a daidai lokacin da ruwan ya yi ƙaranci. Kowane injin ban-ruwa da aka dasa a saman magangara don dankalin Turawa ko tumatir, daga bakinta yake ɗauka.

Mun ga hotuna a Facebook cewa magangarar Victoria ta ƙafe. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne. Victoria, wadda mutanen wurin ke kira Mosi-oa-Tunya, tana kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, faɗinta ya haura mita 1,700, tsayinta mita 108. A ƙarshen 2019 an yi mummunan fari a kudancin Afirka, ruwanta ya ragu ƙwarai, har shugaban Zambiya na lokacin, Edgar Lungu, ya nuna hotunanta a matsayin shaidar sauyin yanayi. Amma ɓangaren Zambiya yakan bushe kusan kowace shekara a Oktoba da Nuwamba, ɓangaren Zimbabuwe kuma bai daina zuba ba. Zuwa Afrilun 2020 ta cika ta batse.

Farin gaskiya ne, ɓarnarsa ga amfanin gona da lantarki ma gaskiya ce. Hoton wata guda dai ba hujja ba ne. Duk wanda ya turo maka hoton busasshiyar magangara, ka tambaye shi watan da aka ɗauka, da yadda wurin yake a irin wannan watan shekara goma da suka wuce.

Ambaliya ai ƙarin ruwa ce. Ba alheri ba ce ga magangara?

Ga mai ɗaukar hoto, ƙila. Ga kogin kansa, a'a. Ruwan ambaliya ja ne ko baƙi saboda ya kwaso ƙasar saman gonaki, wato ainihin ƙasar da ya kamata ta riƙe ruwan rani. Yana tafe da yashi da tsakuwa da manyan duwatsu da kututtura, yana gurzar leɓen dutsen, yana rarake ƙarƙashinsa har wani ɓangare ya rufto. Haka magangara ke ja da baya. Niagara da ke tsakanin Amurka da Kanada ta ja baya kimanin kilomita 11 cikin shekara dubu goma sha biyu. Namu duwatsun sun fi tauri, ba a ganin motsinsu a rayuwar mutum ɗaya, amma ana ganin kududdufin ƙasa ya cike da yashi, gaɓa ta zabtare, matakala da rumfunan baƙi sun tafi.

Iguazu da ke iyakar Barazil da Ajantina ta nuna yadda abin ke lilo. A ƙa'ida tana zubar da kimanin lita miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa. A 2021 fari ya rage ta matuƙa. A Oktoban 2022 ta ninka ƙa'idarta kusan sau goma, dole aka rufe gadar masu kallo.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin ƙarfin irin wannan ruwa ba. A Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 a Jibiya, ya rushe ɗaruruwan gidaje. A Yulin 2012 an rasa fiye da mutum 30 a Jos, a kan tsaunin kansa. A Mayun 2025 Mokwa ta jihar Neja ta rasa fiye da 150. Kusan duk wannan ruwa ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, bai bar wa rijiyoyi abin kirki ba.

Ta yaya wuri ɗaya zai yi ambaliya da ƙarancin ruwa a shekara guda?

Masana ruwa sun yi mamakin wannan tun shekarun fari. Sun auna wasu kogunan Sahel a Burkina Faso da Nijar, suka tarar ruwan sama ya ragu amma ruwan da ke gudu cikin kogunan da damina ya ƙaru. Bayanin shi ne fari da sara da kiwo sun tuɓe ƙasa, ɗigon ruwa ya daddake samanta ta yi ɓawo mai tauri, irin faƙon da ko fartanya ba ta shiga. Ruwa ya daina nutsewa, ya koma gudu. Saboda haka ambaliyar Agusta da ƙafewar Fabrairu ba abu biyu ba ne, ruwa ɗaya ne da ya kamata ya fito a wata shida ya fito a kwana shida. A duba amsar da ta yi bayanin inda ruwan rani ke fitowa.

Ke nan duk laifin sauyin yanayi ne?

A'a, kuma a ganin mai rubutun nan an fara mayar da kalmar mafaka. Hukuma ta bar magudana a toshe, an yi gini a hanyar ruwa, an sare kurmin bakin rafi an yi gawayi, masu tifa sun kwashe yashin da ke ɓoye ruwa a cikin ƙorama, in ɓarna ta zo sai a ce sauyin yanayi. Sauyin yanayi gaskiya ne, shi ya ƙara wa hadari ƙarfi. Amma yadda ƙasa za ta karɓi hadarin, aikin hannunmu ne.

Madatsun ruwa ma sun kashe magangaru fiye da yadda fari ya kashe. Ta Ripon a Yuganda ta nutse bayan an gina madatsar Owen a 1954. Ta Guaira a Kudancin Amurka, wadda tana cikin mafi yawan ruwa a duniya, ta ɓace a 1982 ƙarƙashin tafkin Itaipu. Tis Issat da ke kan Shuɗin Nilu a Habasha ta rame tun da aka karkatar da ruwanta zuwa tashar lantarki a farkon shekarun 2000. A gida, an datse kogin Gurara a jihar Kaduna, sama da magangarar, ana tura ruwa ta bututu mai kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma don mutanen Abuja. Wanda ya ga Gurara ta ragu, kafin ya ɗaga kai sama ya duba hadari, ya tambayi nawa ake sakowa daga dam.

Ba cewa ake kada a gina madatsa ba. Mu da muke sha daga Ajiwa da Zoɓe ba mu da bakin faɗin haka. Abin da ake nema shi ne a ware wa kogi kasonsa da za a riƙa sako masa ko da rani.

Akwai halittun da rayuwarsu ta dogara ga magangara?

Akwai, kuma su ne ke fara tafiya. Feshin ruwa yana haifar da ɗan kurmi mai sanyi a gefe, inda gansakuka da tsirrai masu son laima da kwaɗi da wasu ƙwari ke zaune, ko da kewayen duk ya bushe. A kwazazzabon Kihansi na Tanzaniya akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo da babu irinsa ko'ina a duniya sai cikin feshin magangarar wurin. Da aka gina madatsar lantarki aka rage ruwan da kusan kashi 90 cikin ɗari, sai ya fara ƙarewa, wata cuta ta ƙarasa shi, a 2009 aka ayyana ya ƙare a daji. Sai daga gidajen namun daji na Amurka aka dawo da zuriyarsa. Dam ne ya jawo wancan, amma dogon fari yana iya yin irin wannan aiki.

Faɗowar ruwa kuma tana cusa masa iska, abin da kifayen ƙasa ke bukata. In zubar ta tsaya, kududdufin ya ɗumama, ya yi kore, kifi ya fara taso da ciki sama.

Gaskiya ne ana ɗaukar cuta a irin waɗannan wurare?

Iri uku, kuma kowace da lokacinta. Ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu shi ne wurin haihuwar ƙaramin baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar makantar kogi, wadda ake raba maganin Mectizan dominta a ƙauyuka da dama. In ruwan ya tsaya ya zama kwantacce kuma, sai dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya samu wuri, yaran da suka yi wanka su dawo da fitsarin jini. Bayan ambaliya, kashi da shara na shiga ruwan sha, daga nan kwalara ke tashi. Kada a sha, komai kyawunsa a ido.

Ina alaƙar wannan da wutar lantarki?

Tudun da ke haifar da magangara shi injiniya ke nema don juya injin. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya yi amfani da ruwan Kurra wajen ba ma'aikatun haƙar kuza wuta a Jos. Tashar Shiroro mai megawat 600 da ta Zungeru mai 700 duk a kan kogin Kaduna suke, wanda ya taso daga tsaunin Jos. Fari na rage musu ruwa, ambaliya na cika tafkunansu da laka tana rage abin da za su iya ajiyewa, tana kuma tilasta a buɗe ƙofofi a kan mutanen da ke ƙasa. Zambiya ta ɗanɗana a 2024, lokacin da tafkin Kariba ya ja baya har gidaje suka riƙa wuni su kwana ba wuta.

Ruwa ai na Allah ne. Wannan bincike ba shisshigi ba ne?

Ruwa na Allah ne, shi ya sa in ya ɗauke ake fita roƙonsa a filin idi. Amma auna shi da tanadinsa ba su saɓa wa tawakkali ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, tanadin shekara bakwai ya tsara kafin fari ya iso. A Suratur Rum, aya ta 41, an faɗa cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Wanda ya sare itatuwan bakin rafi, rafin ya ƙafe, ba ƙaddara kaɗai zai tuhuma ba.

Malami ne ni, ina so in kai ɗalibai. Wane lokaci ya fi, kuma me zan kiyaye?

Malam, in kallon ƙarfinta ake so, Agusta da Satumba ne, amma lokacin ne mafi haɗari, kuma ba lokacin kai yara ba ne. Daga Nuwamba zuwa Janairu ruwan ya lafa, ya yi garau, hanya ta bushe, kuma akwai sauran abin gani. Maris da Afrilu za ka iya shan doguwar tafiya daga Katsina ka tarar da dutse. Ka nemi labarin wurin daga mazauna yankin kafin ka karɓi kuɗin mota a hannun iyaye, ka kuma binciki lafiyar hanya, tunda halin tsaro ya sa wasu hanyoyin ba a bin su sai da shawara.

Babban haɗarin shi ne ruwan da aka yi a inda ba ka gani. Sama na iya zama tas a inda kuke tsaye, alhali an tafka ruwa a kan tudu kilomita ashirin daga nan, kuma in ya iso zai cika wurin cikin mintuna. Alamunsa: ruwa ya fara sauya launi, ganyaye da karmami sun fara biyowa, ƙara ta ƙaru, ko dutsen da yake a bushe ɗazu ya nutse. Ko ɗaya aka gani, kowa ya hau tudu nan take, a bar takalmi da jaka. Kada yaro ya shiga kududdufin da ruwan ke dira, domin yana juyawa a ƙasa yana riƙe mutum, kuma yawancin yaranmu ba su iya iyo ba. Gansakukar kan dutse tana da santsi ƙwarai. A ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a biya shi haƙƙinsa.

Kafin tafiya a duba hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da hasashen ambaliya na NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna. Batun wanka kuma, a koma amsar da ta shafi cututtuka.

Magangara ko ƙoramar da ta ƙafe tana iya dawowa?

Tana iya, in ma'ajiyar sama ta farfaɗo, amma aikin shekaru ne. Kuma ba a bakin magangarar ake yin sa ba, a gonaki da dazuzzukan da ke samanta ne. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututturen gawo da kalgo da sabara a gona, a rage rassa a bar masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta hakan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5, ba tare da gandun renon dashe ba. Ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa, da ramuka masu siffar rabin wata, da jera duwatsu a gicciye a kan gangare, duk aikinsu ɗaya ne: su tsayar da ruwa ya samu lokacin nutsewa.

Akwai manyan shirye-shirye. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa da ruwa mai suna ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ma'aunin da ya kamata a yi musu ba yawan dashen da aka kafa ranar biki ba ne, nawa ne suka kai damina ta uku, kuma rijiyar da ke ƙasa da wurin ta ƙara kwana nawa kafin ta ƙafe. Barin kurmi a bakin rafi, da hana ɗiban yashi a wasu sassan ƙorama, abu ne da mai unguwa da dagaci za su iya zartarwa ba sai an jira Abuja ba.

Ni ɗalibi ne, ina so in yi aikin kammala karatu a kan wannan, amma ba ni da kuɗin zuwa Jos. Ya zan yi?

Ba sai ka je ba. Zaɓi ƙorama ɗaya kusa da garinku. Samu dutse ko ƙafar gada ka yi mata alamun tsayi da fenti, ka riƙa rubuta inda ruwa ya kai a rana ɗaya ta kowane mako, da washegarin kowane babban ruwa. Ka ɗauki hoto daga wuri ɗaya kullum. Ka kafa ma'aunin ruwan sama a fili nesa da bango da itace, ka riƙa karanta shi da safe a lokaci guda. Ka cika kwalba da ruwan ƙoramar ka bar ta ta kwana, kaurin lakar da ta kwanta zai nuna maka yawan ƙasar da ake asara. Abu biyu mafi daraja da za ka rubuta su ne ranar da ruwa ya fara gudu da ranar da ya tsaya.

Sannan ka zauna da dattawa da makiyaya da masu wanki, ka tambaye su watan da ƙoramar ke ƙafewa a zamanin ƙuruciyarsu, da zurfin da ake tona yashi kafin a tarar da ruwa, da itatuwan da ke bakinta a da. Kada ka tambaye su shekara da lamba, ka ɗaura tambayar a kan abin da suka sani, kamar sarautar wani hakimi ko shekarar wata yunwa. In ka haɗa wannan da alƙaluman ruwan sama na tashar NiMet ta Katsina da tsofaffin hotunan Google Earth na wurin, kana da abin da za ka kare a gaban malamanka a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma. Ka fara tun watan Afrilu, kafin ruwan farko, in ba haka ba za ka rasa ranar da ƙoramar ta tashi.